Da Joj da Horhe: Hirar Gidan Tuwo a Bronx

Duk daren Asabar, in an idar da isha'i, ƙafa kan kai mu gidan abincin Hajiya, nan kusa da Grand Concourse. Mu ne dai kullum: direbobin tasi, masu gadi, masu jinyar tsofaffi, da malamin makaranta guda ɗaya tilo da muke taƙama da shi. Wasu daga zangon Kumasi, wasu daga Maraɗi, wasu daga Kano da Zariya. Hajiya na zuba wa mai kewar gida tuwo da miyar kuka, talabijin kuma na manne a bango tana ta zuba, ba mai kula ta.

Ran nan dai an kula ta. Wata matashiya ce ke karanta labarai, Turanci na fita daga bakinta kamar an kunna famfo, sai ta iso kan sunan wani ɗan majalisa da garin da iyayensa suka fito. Nan take harshe ya juya. "R" ta kaɗa kamar kalangu, "j" ta koma "h", sannan ta ci gaba da Turancinta kamar ba ita ba.

Alhajinmu Bakano ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano.

"Kun ji ta ko? Wannan shi ake kira iyayi. Kana tafiya kan kwalta lafiya lau, sai ka ji ka faɗa rami. In Turanci za ki yi, yi Turanci. In Sifaniyanci kike so, ga Univision da Telemundo can, wa ya tare miki hanya?"

"Alhaji, sunan mutum fa ta faɗa," in ji Malam, wanda Bazazzagi ne, don haka ko Alhaji ya ce ruwa na jiƙa sai ya musa.

"To sai me? Mu da muke cewa Landan da Faransa da Masar, wa ya taɓa kai mu ƙara? Port Harcourt muka mayar Fatakwal. Accra ta su Hajiya muka mayar Ankara, har tana rikicewa da ta Turkiyya, ba wanda ya mutu. Ka taɓa jin mai labarai a rediyo yana cikin Hausa ya tsaya ya shaƙe murya don ya kira Paris irin kiran Faransawa? Ai sai a yi masa dariya. Irin yaran nan ne da za su je Umara ta sati biyu, su dawo suna ciro Abdurrahman daga ƙasan maƙogwaro, ka ce ƙayar kifi ce ta maƙale musu. In ka je gari ka tarar kowa da jela, nemi tsumma ka ɗaura."

Aka kwashe da dariya, don ya taɓo mu inda yake mana ƙaiƙayi. Mu Hausawa ba abin da kunnenmu ke saurin kamawa irin mai karya harshe. Yaro ya dawo daga boko ya ce "wota" a inda kowa ke cewa ruwa, har ya tsufa sunansa ke nan. Muna yafe wa wanda bai iya ba, amma wanda ya iya har yana nuna mana ya iya, wannan sai mun sauke masa girman kai.

Malam ya bari dariya ta lafa, ya gyara tabarau.

"Alhaji, Amurkawa sun riga ka wannan ƙorafin. Tun 1990 shirin barkwancin nan, Saturday Night Live, ya yi wasa a kai. Ma'aikatan gidan labarai ne, fararen fata, suna ta murɗe baki wajen kiran sunayen abinci da garuruwa a gaban sabon abokin aikinsu, wanda Jimmy Smits ya fito a matsayinsa, shi kuwa mai yaren yana kiran komai yadda kowa ke kira a titi. A 2015 kuma, a Phoenix ta jihar Arizona, wata mai karanta labarai, Vanessa Ruiz, ta sha suka daga masu kallo don tana kaɗa 'r', tana kuma kiran garin Mesa da 'Mesa', alhali mazauna wurin 'Meisa' suke cewa. Sai da ta tsaya a tsakiyar shiri ta ba su amsa, ta nuna musu da harshe biyu ta tashi."

"Mesa kuma?" in ji ɗan Maraɗi. "Garin macizai ne?"

"Tebur ke nan a yarensu. Bari in kawo muku ta kusa. A 2009 Obama ya zaɓi Sonia Sotomayor ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli. Haifaffiyar Bronx ɗin nan ce, iyayenta 'yan Puerto Rico, gidajen gwamnatin da ta tashi a ciki ma yanzu sunanta suke amsawa. Wani marubuci, Mark Krikorian, ya rubuta a National Review cewa ɗora nauyin murya a gaɓar ƙarshe ta sunanta, yadda ita mai sunan take yi, ya saɓa wa ɗabi'ar Turanci, don haka bai kamata a biye mata ba."

"Ai ya yi gaskiya," in ji Alhaji.

"To, motar da ka fara tuƙawa a ƙasar nan, mece ce?"

"Chevrolet."

"Ina 't' ɗin ƙarshe ta tafi? Ba ka faɗe ta ba, Ba'amurke ma ba ya faɗarta, don Faransanci ne. Mai kuɗi zai shiga gidan abincin Faransawa a Manhattan ya lanƙwasa harshe wajen kiran sunan miya, a ce wayayye ne, ya ga duniya. Yaren da ake jin haushi in an faɗe shi daidai shi ne yaren wanda ke can baya yana wanke kwanukan."

Wurin ya ɗan yi tsit. Yawancinmu mun taɓa tsayawa a wannan bayan, kafaɗa da kafaɗa da ɗan Meksiko ko ɗan Honduras, hannu cikin ruwan sabulu.

Hajiya ce ta leƙo daga wajen tukwane. "Alhaji, wannan jelar da ka ce a ɗaura, wace iri ce? Ni dai a unguwar nan jelar da nake gani ta Sifaniyanci ce. Mai sayar mini da rogo da ayabar suya, da mai gyara mini firji, da mai gidan da nake haya, duk da shi suke kwana suke tashi."

Malam ya ce ƙidayar 2020 ta nuna masu asali daga ƙasashen Sifaniyanci sun kai miliyan 62 a Amurka, a Bronx kuwa sun haura rabin jama'a. Kuma ba duka baƙi ba ne. Los Angeles, wato "mala'iku", masu Sifaniyanci ne suka kafa ta a 1781. Kalifoniya da Nevada da wasu yankunan duk ƙasar Meksiko ce, sai a 1848 bayan yaƙi suka koma hannun Amurka. Sunayen sun riga Turanci zama a wurin.

Ɗan Maraɗi ya goge hannu, ya ce bari ya ba mu labarin satinsa na farko a tasi.

"Waya ta yi ƙara, na duba sunan wanda zan ɗauka, sai na ga an rubuta Jesus. Na ce la ilaha illallahu, yau wa zan ɗauka? Na isa, ga wani ɗan gajeren mutum da jakar kayan aikin gini. Na leƙa na ce, 'Jizos?' Ya yi murmushi ya ce, 'Hesus.' Muna tafe na tambaye shi, ashe su suna raɗa wa 'ya'yansu sunan ne yadda muke raɗa Isa. Na ce ashe takwaran ƙanena na ɗauko. Tun daga ranar na gane 'j' ɗinsu 'h' ce. José, Hose. Juan, Huwan. Jorge, Horhe."

"Mai kantin kusurwar nan fa?" in ji wani. "Ba Joj muke ce masa ba?"

Joj muke ce masa kuwa, shekara da shekaru, yana amsawa. Abin dariyar shi ne, cikin duk baƙin garin nan mu ne bai kamata mu yi wannan kuskuren ba, don bakin Bahaushe kamar an auna shi ne da Sifaniyanci. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, namu ma biyar, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa. "R" mai kaɗawa da ke ba Ba'amurke wahala, mu da ita muke ƙirga arba'in. Harafin nan nasu mai ɗan rawani a ka, ñ, shi ne sautin da ke cikin kunya da hanya, don haka Peña ba ta fi ƙarfinmu ba. Malam ya ce rawanin nan ba ado ba ne: año shekara ce, amma in ka tuɓe mata rawanin sai ta koma kalmar da ba a faɗa a gaban tuwo. Kamar dai namu ne, ƙasa daban, kasa daban, kuma wanda ya taka kasa ya san bambancin. Duk da haka, da yake ta ƙofar Turanci muka shigo ƙasar, sai muka ari kuskuren Bature muka yafa, muna ce wa Horhe Joj don mu nuna mun waye.

Wuri ɗaya ne muke faɗuwa warwas, wato "p". Pedro a bakin Alhaji Fedro ne. Alhaji ya ce gara shi, ɗan Maraɗi da ke cewa "hita" da "hili" ai Hedro zai ce. Ɗan Maraɗi ya ce su da suka yi makarantar Faransanci sun rabu da wannan ciwon tun suna aji ɗaya, Kanawa ne har gobe ke shan Fefsi.

Baba Liman, wanda tun ɗazu yake jan carbi yana saurare, ya yi gyaran murya. Shi ba ya shiga raha sai ya ga inda zai saka Larabci.

"'Ya'yana, kun san me suke kiran shugaban gari? Alcalde. Ku maimaita a hankali. Alƙali ne, al-ƙadi na Larabawa, su suka ja shi gabas, mu muka ja shi yamma. Azúcar ɗinsu sukarinmu ne, taza ɗinsu tasarmu ce. In ɗayansu ya ce ojalá yana fatan wani abu, sunan Allah ne a ƙarshen kalmar, 'yar'uwar insha Allahu ce, ko da shi bai sani ba. Guadalajara, da ta Sifaniya da ta Meksiko, wadil hijara ce, kwarin duwatsu. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492, kalmomi suka zauna bayan masu su sun tafi. Sun tanƙwara Larabci yadda bakinsu zai ɗauka. Mu ma haka muka yi: Khadija ta zama Hadiza da Dije, Khalid ya zama Halidu, Abubakar ya zama Habu da Garba da Buba."

Alhaji ya tafa hannu. "Allah ya saka da alheri, Baba! Kun ji ko? Su ma sun lanƙwasa na wasu. Kowa na lanƙwasa na kowa. To, don me za a hana Ba'amurke lanƙwasa nasu?"

Daga nan ya samu ƙarfin gwiwa, ya jefo tambayar da ta fi duk abin da ya faɗa a daren nauyi. Ya ce wai "yadda masu yaren ke faɗa", su wa ke nan? 'Yan Dominikan na layinmu haɗiye "s" suke yi, buenos días ta koma "bueno dia". Ɗan Puerto Rico kan mayar da "r" ta zama "l", har sunan tsibirinsu ka ji "Puelto". Ɗan Ajantina ya ga "ll" ya ce "sh". Mutumin Madrid ya sa harshe tsakanin haƙora wajen kiran Barcelona, 'yan garin kuwa da nasu yaren Katalan ba haka suke kiranta ba. "Kamar a ce wa Bature ya faɗi kalma da ainihin Hausa ne. Ta Kano, ko ta Sakkwato, ko ta su Hajiya da ke ce wa mace 'ya zo'?"

"Tamu ta ishe mu ciniki," in ji Hajiya. "Kai da taka mai kyau, ga ka nan kana cin bashin tuwona."

Yaran da ke teburin baya, 'yan kallon ƙwallo, suka shigo da tasu. Ɗaya ya ce ai mai iyayin ma yakan faɗa rami. Wani abokinsu da ya gano sirrin "j" sai ya bi kowa da ita, har José Mourinho ya mayar Hose, alhali mutumin ɗan Fotugal ne, su kuwa "j" ɗinsu tana nan kusa da tamu. Haka ya yi wa Gabriel Jesus na Brazil. Ya ji ana kiran David Villa da "Biya", sai ya wayi gari yana cewa Aston Biya, kulob ɗin da ke Birmingham tsakiyar Ingila.

Malam ya yarda da wannan. Ya ce garin Amarillo na Texas, in ka je kana "Amariyo" mazauna wurin za su san baƙo ne, "Amarilo" suke cewa. San Pedro ta Los Angeles "San Pidro" ce a bakin 'yan unguwar. Akwai kuma jikokin 'yan Meksiko da ba su jin Sifaniyanci ko kaɗan, suna kiran sunan gidansu irin kiran Turawa, in ka kaɗa musu "r" sai su ji kamar jarrabawa kake musu. Ya tuna mana zaɓen sanata na Texas a 2018: mai suna Rafael, ɗan mutumin Kyuba, yana amsa Ted Cruz, shi kuwa Robert O'Rourke, jinin Ailan, yana amsa Beto, laƙabin da ya tashi da shi a El Paso. Kowa da sunan da ya zaɓa a kira shi da shi.

Alhaji ya miƙe ƙafa, ya ɗauka ya ci wasa. Bai san Hajiya na ajiye da shi ba.

Ta fito tana goge hannu da gefen zani. "Alhaji, in tambaye ka mana. Bara da ka je asibiti a duba maka hawan jini, wa ya dawo nan yana huci har ya kasa cin abinci?"

"Hajiya, wannan daban."

"Bari in tuna wa jama'a. Awa guda yana zaune ana ta kiran wani suna, shi yana ta tausayin mai sunan da bai zo ba. Ashe shi ake kira. Sun karanta sunan mahaifinsa sun yi masa gunduwa-gunduwa har ɗansa bai gane shi ba. Wa ta cece ka?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Wata nas ce, 'yar Dominikan."

"Me ta yi?"

"Ta zo ta tambaye ni yadda ake faɗa. Ta gwada sau uku. Ɗa ɗin ta gagare ta, amma ta kusa."

"Ka dawo nan kana sa mata albarka kamar 'yar cikinka. To, ita ba iyayi ta yi ba?"

Laifi tudu ne. Mu ɗin nan da ke dariyar mai labarai, rabinmu a wurin aiki Mo ne. Ɗanladi ya koma Dan, Sulaimanu ya koma Sal, Hadiza ta gaji da gyara ta bar su suna kiran abin da suka ga dama. Muna amsawa don albashi, mu dawo gidan Hajiya muna ƙunƙuni. Ko a gida ma mun san zafin abin: Sakkwato ce Turawa suka rubuta Sokoto, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi a takardun Faransawa, har yau kuma akwai masu jin haushin haka.

Malam ya ce wurin shaƙatawar nan na bakin kogin Harlem da muke kai yara, mai sunan Roberto Clemente, mai shi ma ya sha wannan. Gwanin wasan besbol ne ɗan Puerto Rico, ya yi wa Pittsburgh wasa shekara goma sha takwas, amma 'yan jarida da masu buga katunan 'yan wasa suka dinga kiransa Bob. Ya ƙi, ya ce Roberto iyayensa suka raɗa masa. Ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar ƙarshe ta 1972, yana kan hanyar kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nicaragua. Yau ba wanda ke cewa Bob.

Hajiya ta ce ita ba ta yi karatun Malam ba, amma abin bai kai a yi ta ja ba. Gari na duk wanda ke kwana a cikinsa ne, abinci na duk wanda ya saya ne, a kira su yadda baki ya iya, ba ta ga laifin mai cewa Fatakwal ba. Sunan mutum kuwa an yanka masa rago ko an kai shi coci, akwai uwar da ta fara kiransa da shi. Suna linzami ne, a hannun mai shi yake. In ya ce Horhe, Horhe ne, in ya ce Joj ya fi masa, shi ke nan. Ita kuma yarinyar talabijin, da wannan harshen aka yi mata rawar jego, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda za a yi wa dariya shi ne mai aron kukan don a ce ya iya.

Alhaji bai ce ya yarda ba, Bakano ba ya faɗuwa a gaban Bazazzagi. Ya dai biya kuɗin tuwo har da na makon jiya, ya ce zai leƙa kanti ya sayi madara. Ƙofar a buɗe take, muna jiyo shi daga nan.

"Horhe! Amigo!"

Aka ɗan yi shiru, sai muka ji mai kanti ya fashe da dariyar murna. "Eh! Alahi! Alahi, amigo!"

Ashe shi ke karɓar wa Alhaji saƙo in ba ya gida, a jikin kwali ya ga an rubuta Alhaji. A karatunsu "h" ba ta magana, "j" kuma "h" ce.

Alhaji ya dawo bakin ƙofa da galan ɗin madara a hannu. "Kun ji ko? Ni na gyara nasa, shi ya ɓata nawa!"

"Shekara nawa yana kiranka haka?" in ji Hajiya.

"Ta kai shida."

"Ka taɓa gaya masa?"

Alhaji ya tsaya jim. Ya ajiye madarar a kan tebur, ya juya ya koma. Har muka watse muna jiyo su ta tagar kanti, ɗaya na cewa "ji, ji, Alha-ji", ɗaya na cewa "yi, yi, Alha-yi".